Farin tabo a dodon kunne: a yi aiki ne, a sa na'urar ji, ko a ƙyale shi?

Ƙanwata tun tana firamare kunnenta na dama yake ruwa. Ya yi wata biyu yana zuba ya tsaya, da sanyi ya shigo mura ta kama ta sai ya dawo, haka muka taso muna ganin auduga a kunnenta har abin ya daina yi mana kama da ciwo. Wajen lokacin da ta gama sakandare ruwan ya ɗauke da kansa, kowa ya ce Alhamdulillahi an rabu da shi. Sai da ta yi aure ta fara koyarwa sannan maganar ta dawo ta wata hanyar, yaro ya yi tambaya daga bayan aji sai ta ce maimaita, waya kullum a kunnen hagu, in kana zaune ta damanta kana mata magana sai ta juyo da fuskarta gaba ɗaya. Da aka je asibiti likita ya leƙa ya ce akwai farin tabo a dodon kunnen kuma da alama ya shiga har ciki. Daga ranar muka shiga ja-in-ja a gida, mijinta yana cewa a yi aikin kawai a huta, Hajiya tana cewa kar wanda ya kuskura ya kai mata wuƙa kunne, ita kuma ba ta son a riƙa ganinta da na'ura maƙale da ƙuruciyarta. Ni na riƙa raka ta asibiti, to abin da na fahimta a wannan zirga-zirgar shi zan baje a nan, ko Allah zai sa ya rage wa wani wahala.

Sai ka san yadda cikin kunnen yake kafin zaɓin ya yi maka ma'ana. Dodon kunne fata ce siririya ƙwarai, faɗinta bai wuce santimita 1 ba, tana nan a miƙe kamar fatar ganga. A bayanta akwai ɗan ɗaki mai iska, shi ne tsakiyar kunne, a ciki akwai ƙananan ƙasusuwa guda 3 a jere suna riƙe da juna. Sunayensu ma daga siffarsu aka ɗauko, na farko guduma wanda yake manne da dodon, na biyu maƙera, na uku likkafa, kuma wallahi in ka ga hotonsa likkafar doki ce sak, shi ne ƙashi mafi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam, kamar milimita 3. Magana in ta bugi dodon sai ya girgiza, guduma ta miƙa wa maƙera, maƙera ta miƙa wa likkafa, likkafa ta tura cikin wani abu mai siffar katantanwa inda jijiyar ji take, daga nan sai ƙwaƙwalwa.

To duk lokacin da tsakiyar kunnen nan ya kumbura ya yi mugunya ya warke, ya sake yi ya sake warkewa, jiki yana barin tabo kamar yadda gyambo yake bari a ƙafa. A wasu mutane tabon nan sai ya yi tauri, sinadarin kalsiyam ya zauna a cikinsa ya zama fari fat kamar alli. Likitoci suna kiransa timfanoskilerosis, in kuma a jikin fatar dodon kaɗai ya tsaya sai su ce miringoskilerosis. Yaran da aka taɓa sa musu ɗan bututun nan a dodon kunne don ruwa ya daina taruwa, giromet, su ma da yawansu yana bar musu farin tabon bayan ya fita. Ba ciwon daji ba ne, ba a ɗauka a jikin wani, kuma babu maganin ɗigawa ko na sha da yake narkar da shi, duk wanda ya ce maka yana da ruwan da zai wanke shi kuɗinka yake so. Man da ake ɗigawa, ruwan tafarnuwa, sakace da gashin kaza ko tsinken ashana, in akwai huji a dodon sai dai su tayar da ciwon da ya kwanta.

Abin da ya ɗauke mu watanni kafin mu gane shi ne, farin da likita ya gani da tocilarsa ba shi yake yanke hukunci ba. Inda tabon ya zauna shi ne magana. Wani za ka ga rabin dodonsa fari ne amma yana jin faɗuwar allura, wani kuma dodon ba wani farin kirki amma can ciki tabon ya daskare ƙasusuwan kamar an zuba musu siminti. Shi ya sa kar ka yarda a yi maka maganar aiki ko na'ura ba a yi gwajin ji ba, odiyogiram. Za a sa ka a ɗaki marar hayaniya, a sa maka abin saurare a kunne, sannan a ɗora wani ɗan abu mai girgiza a ƙashin bayan kunnenka. Na farkon yana auna jin da ya bi ta dodo da ƙasusuwa, na biyun yana tsallake su ya tafi kai tsaye wajen jijiya. Tazarar da ke tsakanin layukan biyu a takardar ita ce asarar da tabon ya jawo, kuma ita kaɗai ce tiyata za ta iya dawowa da ita, in jijiyar ce ta yi rauni babu wuƙar da za ta gyara. Ana lissafin da desibel, wato ma'aunin ƙarfin sauti, mai lafiyar kunne yana jin abin da bai kai 20 ba, raɗa tana wajen 30, hira ta yau da kullum wajen 60. Ko ƙasusuwan sun daskare gaba ɗaya asarar ba ta cika wuce 60 ba, wato wannan tabon shi kaɗai ba ya mayar da mutum kurma ɗungurungum. Wannan maganar ta kwantar wa ƙanwata da hankali sosai ranar da ta ji ta. Wani lokaci kuma a ƙara da hoton siti sikan na ƙashin kunne, duk da likitan da kansa zai gaya maka wani abin sai an buɗe ake tabbatarwa.

Kafin in shiga zaɓin akwai wani farin abu daban da ba a wasa da shi, kolestiyatoma. Shi fata ce take taruwa a ciki tana cin ƙashi a hankali, yawanci da ruwa mai mugun wari wanda ba ya jin magani, kuma in aka bar shi yana iya shanye gefen fuska ko ya kai ciwo ƙwaƙwalwa har sanƙarau. In wannan likita ya ce kana da shi to babu maganar zaɓi, aiki ne, ka rufe wannan rubutun ka je a ba ka rana.

Ƙyalewa shi ne mafi sauƙi kuma shi ya dace da mafi yawan mutane. In tabon a fatar dodo kaɗai yake, babu huji, kunne a bushe, gwaji ya nuna jinka lafiya ko ɗan ragi kaɗan, babu abin da za a yi maka da zai fi barin sa. Kankare shi don kawai ya yi fari na iya bar maka hujin da da babu. Sai dai ƙyalewa ba yana nufin mantawa ba, ka riƙa komawa gwaji lokaci lokaci, in mura ta sauka kunne ka nemi magani da wuri. Inda ban yarda da ƙyalewa ba shi ne yaro ƙarami da kunnuwansa biyu suka ragu, yaron da ba ya jin malami da kyau sai a ce daƙiƙi ne ko mai taurin kai a yi ta dukansa, alhali shekarun koyon magana da karatu ne suke wuce shi. Wannan kam a yi wani abu, ko na'ura ko aiki.

Yanzu ga manyan biyun.

Tiyata abin da take da shi wanda na'ura ba ta da shi shi ne, in ta yi kyau ka rabu da abin, babu batir babu cirewa da dare, ka tashi daga barci kana jin kiran sallah da kunnenka. Yawanci ana sa mutum barci, a bi ta ramin kunnen ko a ɗan yanka ta bayansa, a yi aikin da madubin ƙara girma ko 'yar kyamara, awa 1 zuwa 3. In akwai huji sai a faci shi da wata siririyar fata da ake ɗaukowa daga saman kunnen ko ɗan guringuntsin gaban kunne, kuma wannan facin a hannun gwani yana kamawa sosai, kamar 8 ko 9 cikin 10. In guduma ko maƙera ne suka daskare sai a kankare tabon a sake su, ko a cire wanda ya lalace a sa na roba ko na ƙarfen taitaniyom ya haɗa dodon da likkafa. Matuƙar likkafar tana motsi sakamakon yana yin kyau ga mutane da yawa. Su likitoci abin da suke kira nasara shi ne tazarar nan ta dawo ƙasa da desibel 20, ka ga ke nan nasara a wajensu ba wai kunnen ya dawo sabo fil ba ne, ka riƙe wannan don kar ka fito kana ganin an cuce ka.

Inda gizo ke saƙar shi ne likkafa. Ita ce ƙofar katantanwar, ƙafarta a kan bakin ramin take zaune, duk mai kankare tabo a wurin yana aiki ne a bakin rijiya. In aka girgiza ta da ƙarfi ko abu ya faɗa ciki, jijiyar ji na iya mutuwa gaba ɗaya a wannan kunnen, kuma wannan asarar ko na'ura ba ta cika maganinta. Ba kullum yake faruwa ba, kaɗan ne, amma wanda ya faɗa wa ya faɗa masa ke nan. Jijiyar da take motsa fuska ma ta saman likkafar ta wuce, akwai kuma wata siririya ta ɗanɗano da ta ratsa tsakanin guduma da maƙera, shi ya sa wasu bayan aiki suke jin gefen harshensu kamar sun lashi ƙarfe na makonni ko watanni. Ga jiri na 'yan kwanaki, ga ƙarar kunne da kan ragu a wasu ta ƙaru a wasu. Abin da ya fi damuna ni dai shi ne tabon yana iya sake daskarewa, a saki likkafa mutum ya ji garau shekara ɗaya biyu, sai jin ya fara ja da baya. Sannan in akwai huji tare da daskararriyar likkafa ba a haɗa su rana ɗaya, sai an faci dodon ya warke, bayan kamar wata 6 ko fiye a sake shiga, wato aiki biyu kuɗi biyu jinya biyu. Kar kuma ka ji labarin wani da aka yi wa aikin likkafa ya warke tas ka ɗauka naka ma haka ne, akwai wata cutar daban, otoskilerosis, ita ƙashin ne da kansa yake girma ba tabon ciwo ba, aikinta ya fi wannan kyan sakamako.

Akwai wata ƙa'ida da wasu likitocin kunne na Belfast suka fitar wadda na so a ce tun farko mun san ta. Suka ce in ɗaya kunnen naka lafiya yake, ba za ka ji amfanin aikin a rayuwarka ba sai kunnen da aka gyara ya kai desibel 30 ko ƙasa da haka, ko kuma ya matso kusa da mai lafiyar da tazarar da ba ta wuce 15 ba. In bai kai nan ba takarda za ta nuna an samu ci gaba amma kai da lafiyayyen kunnen za ka ci gaba da ji kamar da. To ka tambayi likitanka ƙarara, Dakta in komai ya tafi daidai nawa kake sa ran zai kai? Amsar nan ta fi duk wata shawara ta 'yan gida.

Jinyar ma a sa ta a lissafi. Makonni kunne a toshe da abin da aka cusa, ruwa ba zai shiga ba sam, wanka sai da auduga da aka shafa wa basilin, alwala a shafi bayan kunne da gefe kawai, ba fyace majina da ƙarfi, ba ɗaukar kaya mai nauyi, ba hawa jirgi sai likita ya ba da izini, saboda haka mai niyyar Hajji ko Umara ya duba kalanda tun kafin ya karɓi rana. Sai an yi wata 2 zuwa 3 sannan ake sake gwaji a san ainihin abin da aka samu.

Na'urar ji kuma mutane sun raina ta, alhali irin wannan matsalar ita ta fi kowace dacewa da ita. Tsohon da jijiyarsa ta gaji ko ya sa na'ura sai ka ji yana cewa ina jin ƙara amma ba na gane maganar. Mai tabo ba haka ba, jijiyarsa lafiya lau, ƙofa ce kawai ta cije, da an ƙara ƙarfin sautin magana take shiga tas. Ba barci ba yanka ba haɗarin rasa jin da ya rage, in ba ta yi maka ba ka cire ka ajiye, kuma ƙofar tiyata tana nan a buɗe ko bayan shekara goma. Aiki kuwa in an yi an yi.

Amma ita ma da nata. Kuɗinta ba sau ɗaya ba ne, mai kyau tana da tsada kuma da dala ake shigo da ita, tana yin kamar shekara 5 a sake wata, ga batir. Batiran kala-kala ne, mai lamba 10 da 312 da 13 da 675, da ka ɓare 'yar takardar bayansa ya fara ci ko ba ka sa shi ba, galibi kwana kaɗan zuwa mako biyu, kuma in kana ƙauye ba a kowane kemis za ka samu ba, sai ka tara. A ɓoye su daga yara fa, yaro in ya haɗiye batirin nan haɗari ne babba. Akwai masu caji, sun fi sauƙi in kana da sola ko fawa bank. Zufa lokacin zafi da ƙurar hunturu da laimar damina duk abokan gabarta ne, dole kullum da dare ka goge ta ka sa a 'yar gwangwaninta mai shanye laima. Mata masu hijabi wasu kan ji ƙarar gogar yadi a kan na'urar da farko, ana iya saita ta a rage. Babbar matsalar ita ce mai huji ko kunnen da har yanzu yake ruwa, toshe shi da na'ura yana hana shi shan iska sai ruwan ya dawo, a nan ko dai a fara facin dodon, ko a koma ga irin na'urar da take aika sauti ta ƙashin kai ba ta shiga ramin kunne, akwai ta ɗaurawa kamar kambu akwai kuma wadda ake dasawa a ƙashin bayan kunne, tun 1977 aka fara dasa ta a Suwidin, sai dai tsadarta da wuyar samunta sun fi na sauran. Kuma don Allah kar ka sayi ta kasuwa ko ta intanet wadda ba a saita da gwajinka ba, waccan lasifika ce kawai, komai take ƙarawa har ƙarar babur da kukan janareta, kwana uku za ka jefar ka ce na'ura ba ta aiki.

Kunyar sa ta kuwa, na san ba ƙaramin abu ba ce musamman ga budurwa ko matashi, amma mai tabarau ba wanda yake kallonsa, kuma na yanzu ƙanana ne, hula ko ɗankwali ma sun rufe ta. Mutane sun fi lura da mai cewa na'am? me ka ce? sau goma a zama ɗaya.

In ka ce in zaɓa maka, ga yadda nake gani. Mai huji a dodo wanda kunnen ke tashi duk shekara, in yana da ƙarfin jiki, ya yi facin, ko jin bai ƙaru sosai ba ya huta da ruwa da wari kuma ko na'urar zai sa daga baya za ta zauna lafiya. Matashin da guduma ko maƙera suka daskare masa amma likkafa na motsi, jijiya lafiya, kuma ya samu likitan da ya saba irin aikin, ni ina goyon bayan ya gwada, shekarun da ke gabansa na sayen batir suna da yawa. Wanda likkafarsa ta daskare, ya fara da na'ura ya ba ta watanni. Wanda kunne ɗaya ne ya rage masa kuma shi ne mai tabon, wannan kar a taɓa masa likkafa, yawancin likitoci ma ba za su yarda ba. Dattijo mai suga ko ciwon zuciya ko wanda jijiyarsa ma ta ragu, na'ura ta fi masa. Kuma duk wanda zai yi maka aiki ka tambaye shi sau nawa yake irinsa a shekara, da kuma me zai yi in ya buɗe ya tarar da likkafa a daskare, zai taɓa ne ko zai rufe ya bari ku sake magana? Ku gama wannan maganar kafin a sa ka barci. Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1999, aikinta ke nan, sannan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika da na Sakkwato duk suna da ɓangaren kunne da hanci da maƙogwaro, in shawarar farko ba ta kwanta maka ba ka ɗauki takardar gwajinka ka je wani ya duba, ba laifi ba ne.

Ita ƙanwata hoton ya nuna tabon ya kewaye likkafar, dodon babu huji, kunnen hagu kuma lafiya lau. Likitan ya ce zai iya shiga amma ba zai mata alkawarin kunnen zai kai inda za ta ji bambanci ba. Ta yi istihara ta ce a kawo na'urar ta gwada. Makon farko ta sha wuya, ta ce har taunar abincinta tana ji kamar a lasifika, sau biyu muka koma aka sake saitawa. Yanzu in za ta makaranta ita take fara sawa kafin ɗankunne, ta ce yaran layin baya sun daina maimaita mata tambaya, kuma duk shekara tana komawa gwaji da tsohuwar takardarta a jaka don a gwada da sabuwa.